Awon Harbi da Awon Bugu: Yadda Wasan Golf Ya Taso daga Fili Ya Shiga Ɗaki

A shekarar 1457 ta Miladiyya, majalisar ƙasar Sikotlan, a zamanin sarkinta James na Biyu, ta zartar da doka wadda ta hana jama'a wasan ƙwallon ƙafa da wasan golf, wanda wasunmu ke kira ƙwallon lambu, saboda samarin ƙasar sun shagala da su har sun yi sakaci da koyon harbin baka, alhali kuwa a wancan zamani kibiya ce kariyarsu daga maƙwabtansu na Ingila. Wannan doka ita ce rubutu mafi daɗewa da aka samu wanda ya ambaci wasan da sunansa, saboda haka tun ranar da golf ya shiga littattafan tarihi ya shiga ne a matsayin kishiyar baka da kwari.

Mutumin Gidan Sori, ko na wani gari daga garuruwan ƙasar Gidan Rumji da Agiye da Gazawa, ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya fahimci hujjar wancan sarki, domin ƙasarsa ta yi kusan ƙarni guda tana kwana tana tashi a ƙarƙashin hukuncin kibiya. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu, waɗanda dawakinsu ba su taka kara sun karya ba, su ne suka tarwatsa barade da 'yan lifidin Sarkin Gobir Yunfa. Bayan haka kuma, da sarakunan Katsina na dauri suka rasa birninsu suka kafa Maradi a bakin gulbi, da kuma Gobirawa suka sha kashi a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, suka zo suka gina Tibiri dab da Maradi, sai wannan yanki ya zama bakin daga, wurin da kowane ƙauye yake da shingensa da maharbansa, kuma yaro ba ya cika namiji sai ya san iyakar inda kibiyarsa take kaiwa. Wannan ilmi kuwa ba a rubuce yake ba. Mai baka yana sanin nisan abin bararsa da ido, yana sanin ƙarfin iska da fatar fuskarsa, yana sanin ko harbinsa ya fita daidai tun daga amon tsarkiya, kafin kibiya ta sauka. In kuma gardama ta tashi tsakanin mutum biyu a kan wanda ya fi nisa, sai a auna da taku, ko da gaba, ko da kamu, dattawa su yi shaida.

Malamanmu na fikihu ba su bar wannan mas'ala sakaka ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta halatta tsere da dawaki da raƙuma da gasar harbin kibau, Muhtasar na Halil kuma ya keɓe mata babi a bayan babin jihadi, inda ya gindaya sharaɗin cewa kafin a sa lada a gasa sai an ayyana mafari da matuƙa, an ayyana masu harbi, an kuma ayyana adadin samu da irin samun da za a lissafa. Wanda ya yi nazarin waɗannan sharuɗɗa zai ga cewa maƙasudinsu guda ne, wato kawar da jahilci da garari daga cikin gasa, ta yadda ba za a ci dukiyar mutum bisa zato ba. Ashe tambayar da masu ƙera na'urorin awon bugu suke fama da ita a yau, cewa mene ne aka tabbatar da shi kuma mene ne aka yi wa kirdado, tsohuwar tambaya ce a zaurukan karatunmu.

Bindiga ce ta kawo ƙarshen zamanin baka. Ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar nan a 1899 da ta'asar da har yanzu tsofaffi ke ba da labarinta, Ingilishi suka ci Kano a 1903, sannan aka ja iyaka wadda ta raba Katsinan Maradi da Katsinan Sarki Dikko. Ta kudancin wannan iyaka ne golf ya shigo. Masu kulob ɗin Kano suna kai asalinsa zuwa 1908, filin Rayfield na Jos an kafa shi a 1913 a tsakanin Turawan haƙar kuza, na Kaduna kuwa a 1921, kuma duka an yi su ne a gefen unguwannin Turawa, domin jami'an mulki da 'yan kasuwarsu su sha iska da la'asar. Ta arewacin iyaka, Faransawa ba su damu da wannan wasa ba, shi ya sa har yau filin da aka sani a Nijar shi ne na Rio Bravo a wajen Yamai, Maradi kuwa alfaharinta yana fagen kokawa, wadda aka fara gasar takobinta ta ƙasa a Tawa a 1975. Ko a kudun ma, sarauta ta rungumi ƙwallon doki hannu biyu-biyu, har Sarkin Katsina Usman Nagogo ya shahara da ita a duniya, domin doki tsohon abokin sarauta ne. Amma golf ya daɗe a bayan shingen kulob, inda ɗan ƙasa ba ya shiga sai a matsayin mai ɗaukar jaka.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan yadda aka yi wasan a ƙasarmu, domin akwai hikima a cikinsa wadda ba a cika yaba mata ba. A Sikotlan, da'irar da ke kewaye da rami ciyawa ce mai laushi wadda ruwan sama ke shayarwa kusan dukan shekara. A nan kuwa, inda rani ke cin wata bakwai ko takwas, sai aka maye gurbinta da yashi tankaɗaɗɗe da aka cuɗa da baƙin mai na inji, aka daɓe shi ya kwanta. Idan ƙwallo ya sauka a kai ba ya tsalle, sai ya bar ɗan gurbi ya tsaya; sai wani yaro ya zo da matsefi na katako ko guntun buhu ɗaure a sanda, ya ja shi daga bakin rami zuwa inda ƙwallon yake, ya share sawun ƙafa, ya bar hanya sumul mai faɗin kamu ɗaya ko biyu, mai wasa ya durƙusa ya duba, ya tura ƙwallonsa a kanta, bayan an gama kuma a sake share wurin saboda masu zuwa. A filayen da ƙasarsu tsakuwa ce ko jigawa, mai wasa yakan riƙe 'yar shimfiɗar ciyawar roba, duk inda ƙwallo ya faɗi a kan hanya ya ɗora shi a kanta ya buga. A kan irin wannan da'ira ta yashi ne, a filin Ikoyi na Legas, Sandy Lyle ya ci gasarsa ta farko ta ƙwararru a 1978, Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255 a 1981, adadin da ba a taɓa jin ƙasa da shi ba a lokacin, Vijay Singh kuma ya ɗauki kofin wannan gasa a 1988.

A waɗannan filaye, ma'aunin bugu mutum ne. Yaron jaka wanda ya shekara biyar yana bin fili ɗaya da ƙafa ya san nisan kowace bishiya daga kowane rami, ya san cewa ƙwallo ya fi tafiya a Jos, inda tudu ya haura mita 1,200 iska kuma ta yi sauƙi, fiye da yadda yake tafiya a Kano, ya san cewa da hunturu ƙasa takan bushe ta yi tauri har ƙwallo ya yi ta gangarawa bayan saukarsa, kuma da ya ga maigidansa ya yi bugu uku zai san sandar da ta dace da hannunsa daga cikin goma sha huɗun da doka ta yarda a ɗauka. Da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya daga cikin waɗannan yara suka fito, waɗanda suka koyi bugu da sandar da suka lanƙwasa da kansu, a bayan idon masu kulob. A ganina su ne magadan masu baka na haƙiƙa, domin ilminsu iri ɗaya ne: ido, da maimaici, da haƙuri a rana.

Amma ido yana da iyaka, kuma iyakarsa a wannan wasa kusa take, domin sanda da ƙwallo ba sa haɗuwa fiye da kamar rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma duk abin da zai faru a sama an riga an hukunta shi a cikin wannan ɗan lokaci. Waɗanda suka fara neman sanin abin da ke cikinsa ba 'yan wasa ba ne, masana igwa ne. Benjamin Robins na Ingila, a littafinsa na 1742, ya bayyana wani ma'auni na lilo, wanda ake harba harsashi a jikinsa a gane saurin harsashin daga yadda lilon ya motsa, ya kuma lura cewa harsashi mai juyi yana karkacewa daga hanyarsa. Magnus na Jamus ya yi bayanin dalilin a 1852. 'Yan golf su ma sun ci karo da abin ta hanyar tajriba: da aka fara yin ƙwallo da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya a 1848, sai suka ga tsohon ƙwallo mai tabo ya fi sabo sumul tafiya, suka shiga sassaƙa shi da guduma, wanda shi ne asalin 'yan ramukan nan da ke jikin ƙwallon yau. Sai a shekarun 1890 wani shehin malamin ilmin ɗabi'a na jami'ar Edinbara, Peter Guthrie Tait, wanda ɗansa Freddie ya kasance zakaran wasan a zamaninsa, ya ɗauko lilon Robins ya auna saurin ƙwallo, ya kuma kafa burhani cewa ƙwallon yana tashi yana juyi da baya kamar katantanwar yara, kuma wannan juyi ne yake tallafe shi a iska har ya kai nisan da ba zai kai ba in da dutse ne aka jefa. A shekarun 1930 Harold Edgerton na Amurka ya ɗauki hotunan bugu da fitila mai walƙiya, mutane suka ga da idonsu yadda ƙwallo ke lotsewa a fuskar sanda.

Na'urar da ake sayarwa a yau ta gaji wannan tarihi ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce ta rada, wadda ta dogara da abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842, cewa igiyar da ta fito daga abu mai gudu tana sauya yanayinta gwargwadon saurinsa. Kamfanin da ya haifi na'urar FlightScope an kafa shi a Afirka ta Kudu a 1989, aikinsa na farko kuwa awon harsasai ne domin soja. Kamfanin TrackMan kuma an kafa shi a Danmak a 2003, injiniyansa Fredrik Tuxen ya fito ne daga masana'antar radar bin makamai. Hanya ta biyu ita ce ta kyamara, wadda asalin ilminta yake komawa ga ɗaki mai duhu da Hasan ibn al-Haisam ya yi bayaninsa a Kitabul Manaziri kusan shekara dubu da suka wuce. Irin wannan na'ura, kamar GC2 da kamfanin Foresight ya fitar a 2010, ko SkyTrak ta 2014, tana ɗaukar hotuna a jere cikin tafiyar ƙwallo ta farko wadda ba ta wuce kamu ɗaya ba, daga nan ta gane saurinsa da kusurwar tashinsa da yawan juyinsa da inda juyin ya karkata.

Fa'ida mafi girma da waɗannan na'urori suka kawo, a ra'ayina, ita ce rushe wani taƙalidi da malaman wasan suka shekara da shekaru suna karantarwa. An daɗe ana cewa ƙwallo yana fara tafiya ne ta inda sanda ta nufa a lilonta, fuskar sandar kuma ita ke sa shi lanƙwasa daga baya. Ɗalibi ya karɓa daga malaminsa, malami ya karɓa daga nasa, babu wanda ya nemi dalili. Da aka tara alƙaluman rada sai ta bayyana cewa al'amarin kusan akasin haka yake: inda fuskar sanda ta kalla lokacin haɗuwa shi ne yake da rinjaye a kan mafarin tafiya, bambancin da ke tsakanin fuska da hanyar lilo kuma shi ke haifar da lanƙwasa. Mutane nawa ne suka ƙare ƙuruciyarsu suna gyara abin da bai lalace ba saboda wannan kuskure, Allah kaɗai Ya sani. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya girmama ma'auni.

Da farko kayan manyan kulob ne da masu ƙera sanduna, domin babbar TrackMan takan kai dalar Amurka 20,000 ko fiye. Daga baya ƙanana suka fito, irin su Mevo a 2017 da Garmin Approach R10 a 2021, wadda aka fara sayarwa a wajen dala 600, girmanta bai kai tafin hannu biyu ba, tana aika alƙalumanta zuwa wayar hannu. Da haka wasan da ya saba cin eka ɗari da ɗoriya ya sami hanyar shiga ɗaki: raga ko farin ƙyalle mai kauri a gaba, shimfiɗar ciyawar roba a ƙasa, majigi a sama, kwamfuta tana zana filin St Andrews a bango, mutum yana bugu a Maradi ko Katsina yana ganin ƙwallonsa yana sauka a gabar tekun Sikotlan. Shimfiɗar da Bature yake ganin baƙon abu ce a ɗakinsa, mu a Sahel mun riga shi saninta a fili.

To, wanda Allah Ya hore wa har yake niyyar sayen irin wannan na'ura, tarihin da ya gabata shi ne zai shiryar da shi. Rada an halicce ta ne domin sarari. Tana zama a bayan ƙwallo, tana so ta bi shi da kallo mai tsawo, saboda haka a ɗaki tana bukatar kamar mita 2 zuwa 2.5 a bayan mai bugu da kwatankwacin haka ko fiye a gabansa, kuma fanka mai juyawa, da na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarafa masu yawa, suna iya rikita ta, ga shi kuwa ɗakunanmu na rufin kwano ne kuma ba sa rabuwa da fanka a watan bazara. Juyin ƙwallo ma sau da yawa ba ta samunsa a ɗaki sai an manna wa ƙwallon ɗan ƙarfe ko an sayi ƙwallo na musamman. Mai kyamara tana zama a gefe, ba ta bukatar dogon ɗaki, ta fi amana a wuri matsattse. Amma idonta gilashi ne, ƙurar hunturu kuwa ba ta san alfarma ba, sai an riƙa goge shi ana ajiye ta a rufe, kuma idan bahago da badame za su yi wasa tare sai an riƙa ɗauke ta daga gefe zuwa gefe. Ko wacce aka zaɓa, rufin ɗaki sai ya kai wajen mita 3, in ba haka ba sanda za ta doki silin, ko kuma, abin da ya fi muni, mai bugu ya saba da ƙanƙance lilonsa don tsoro har ya ɓata hannunsa. A tambayi mai sayarwa kuma game da kuɗin shekara, domin kamfanoni da yawa suna kulle filayen kwaikwayo da wasu alƙaluma sai an biya, kuma a tambaye shi ko na'urar tana aiki inda babu intanet, da tsawon lokacin da batirinta yake ɗauka in an ɗauke wuta.

Sai dai tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ta fuƙaha'u: cikin alƙaluman nan da ke fitowa a allo, wanne aka gani, wanne aka yi ƙiyasinsa? A ɗaki ƙwallo ba ya tafiya fiye da taku uku ko huɗu kafin raga ta tare shi, saboda haka nisan mita 200 da na'ura ta rubuta hisabi ne da ta gina a kan sauri da kusurwa da juyi. Idan waɗannan ukun aunannu ne, hisabin yana kusa da yaƙini. Idan kuwa juyin kansa kirdadonsa aka yi, kamar yadda ƙananan na'urori da dama suke yi, to an ɗora zato a kan zato, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne, tunda bugun doguwar sanda a hannun ƙwararre yana juyi wajen sau 2,500 zuwa 3,000 a minti, na gajeriyar sanda kuwa yana haura 9,000, kuma bambancin ɗaruruwa kaɗan yana sauya inda ƙwallo zai faɗi. Mai koyo wanda burinsa ya san nisan kowace sanda da daidaiton hannunsa, ƙaramar rada ta ishe shi, musamman in yana da fili a bayan gida. Wanda yake son gyara lanƙwasar bugunsa, ko ya yi gasa da abokai a filin kwaikwayo har a sa lada, bai kamata ya yarda da abin da ba ya auna juyi kai tsaye ba.

Ina da ra'ayi a kan wannan sauyi, kuma ba zan ɓoye shi ba. A ƙasar da ruwan shekara yake wajen milimita 500, inda mata ke jan guga daga rijiya mai zurfin gaba da yawa, inda kowane taƙin jigawa yake da mai shi da gero a kansa, shimfiɗa korayen filaye domin nishaɗin mutum ɗari almubazzaranci ne da ba shi da uzuri. Magabatan da suka yi da'irar yashi sun fi mu fahimtar ƙasar da suke ciki. Ɗaki guda a makarantar sakandare ko gidan matasa a Tibiri ko Agiye, da raga da shimfiɗa da faifan hasken rana, zai iya nuna wa yara ɗari wasan da kakanninsu ba su taɓa gani ba sai ta kan shinge, ya kuma koya musu hisabin kusurwa da sauri a aikace, ba tare da an zubar da tulu ɗaya na ruwa ba. Abin da ke damuna shi ne yaron jaka. Shi ne ƙofar da ɗan talaka ya bi ya shiga wannan wasa tun zamanin Turawa, kuma idan masu hali suka koma ɗakunansu, suka riƙa zuwa fili da na'ura a aljihu maimakon mutum a gefe, wannan ƙofa za ta rufe, ilmin da ke kansa na iska da ƙasa da gangaren yashi, wanda babu na'urar da ta auna shi tukuna, ya tafi tare da shi.

Shi ya sa nake ba mai sabuwar na'ura shawara ya fara da gwada ta a gaban shaidu. Bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da karan gero ya kwanta fili ya buɗe, ya fita da sassafe kafin iska ta taso, da sanda guda da ƙwallo goma, ya sa mutum biyu su tsaya can gefe nesa da hanyar bugu su lura da inda kowane ƙwallo ya fara taɓa ƙasa, su kafa kara a wurin, domin abin da na'ura ke lissafawa tafiyar sama ce ba gangarawa ba. Sannan a ja igiyar awo daga inda aka buga zuwa kowane kara, a rubuta, a gwama da abin da allo ya nuna. Idan saɓanin ƙarami ne kuma gefe guda yake karkata kullum, sai a duba ko an gaya wa na'urar tsayin ƙasar da zafin ranar daidai, domin yawancinsu suna zuwa ne a saite bisa iskar bakin teku mai sanyi, wadda ta fi tamu nauyi; idan kuwa yau ta ƙara gobe ta rage babu ƙa'ida, a mayar wa mai ita tun wa'adin mayarwa bai wuce ba.